Kafin a Kunna Na'urar Karanta Ƙwayoyin Gado

Ƙwayoyin gadon ɗan Adam rubutu ne mai haruffa huɗu kacal, A, C, G da T, waɗanda suka jeru har kusan biliyan 3. Aikin farko na karanta su ya ci shekara 13, aka kammala a 2003. Yau na'urorin kamfanin Illumina na karanta na mutane da dama cikin 'yan kwanaki. Sai an daddatsa rubutun gutsi-gutsi, kowane gutsure haruffa kamar 150, sannan kwamfuta ta sake harhaɗa su. Saboda na'ura kan yi tuntuɓe, ana so a karanta kowane gurbi kamar sau 30.

A ganina, aikin ya fi lalacewa tun kafin a kai ga na'ura. A 2010 mujallar Science ta buga binciken masana na Jami'ar Boston da suka ce sun gano alamomin gado masu nuna wanda zai haura shekara 100. Duniya ta ɗauka. Da wasu masana suka duba, sai aka ga an auna wani kaso na samfuran tsofaffin da kayan aikin da suka bambanta da na mutanen da aka kwatanta su da su. Ashe wasu alamomin daga kayan aikin suka fito. A 2011 aka janye binciken. Maganin abin ba shi da tsada: a cuɗanya samfuran ɓangarorin biyu a kowane zubi, a auna su rana guda da sinadarai iri guda.

Sai tabbatarwa. Ana saka kwalbar da babu komai cikinta sai ruwa. In an karanto wani abu daga cikinta, to an samu gurɓata a aikin. Wannan ya fi damun masu bin diddigin ƙwayoyin cuta, irin cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, wadda ta fara karanta ƙwayoyin gadon ƙwayar korona a Afirka a Maris 2020. Ana kuma saka samfurin da aka riga aka san amsarsa, kamar waɗanda hukumar NIST ta Amurka ke tanada. In kuwa sakamakon zai shafi maganin majiyyaci, masu gwaji da yawa kan sake karanta gurbin da tsohuwar hanyar Sanger ta 1977 kafin a gaya wa likita.