Wasannin da Ke Mayar da Kai Bakin Aiki

Wanda ya ɗauki wasan bidiyo bayan an tashi daga aiki, yawanci so yake ya manta da ofis. Ya buga ƙwallo da manyan kulob, ya yi tseren mota, ko ya bi abokan gaba da harbi. Sai ga wasu masu ƙirƙira sun ɓullo ta bayan gida: su nasu wasannin ofis ɗin suke mayar da kai, su ɗora maka aikin da ba ya ƙarewa, kuma da gangan suke so ka ƙosa.

Ba manyan kamfanoni ke yin irin waɗannan ba. Akasari mutum ɗaya ne ko biyu da kwamfutarsu. An daɗe ana gardama a kan ko wasan bidiyo ya kai a jera shi da fim da adabi. Roger Ebert, fitaccen mai sharhin finafinai na Amurka, ya rubuta a 2010 cewa ba zai taɓa kaiwa ba. Bayan shekara biyu, MoMA, gidan adana kayan fasahar zamani da ke New York, ya shigar da wasanni 14 cikin kayansa, har da Pac-Man da Tetris. Wannan gardama ta masu sharhi ce, mu bar musu abinsu. Abin dubawa shi ne me wasa ke iyawa da gundurar aiki wanda fim ba ya iyawa.

A fim ɗin Modern Times na 1936, Charlie Chaplin yana ta ɗaure noti a masana'anta, har ya bar bakin inji hannunsa bai daina murɗawa ba. Mai kallo ya yi dariya, ya tausaya masa, amma nasa hannun yana kan cinya. A wasa kuwa, in ba ka danna maɓalli ba ma'aikacin ba zai tashi daga gado ba. Kai ne za ka kai shi.

Haka Paolo Pedercini, ɗan Italiya mai fitar da wasanni da sunan Molleindustria, ya gina Every Day the Same Dream a 2009. Kusan komai baƙi da fari ne da ruwan toka. Agogo ya kaɗa, ka sa kwat, ka wuce matarka a kicin, ka sauka daga bene, ka shiga cunkoson motoci, oga ya yi maka faɗan makara, ka wuce jerin ma'aikata masu kama ɗaya har ka iso teburinka. Da ka zauna, gari ya sake wayewa, jiya-i-yau. Babu wanda ya ce lallai ka nufi ofis. Kai da kanka za ka ga ka miƙa hanya. Sai gundura ta ishe ka sannan za ka fara neman hanyar kaucewa, kuma guda biyar ne: ka bar motar a titi ka je ka shafa wata saniya, ka tsaya ka kama ganyen da ke faɗowa, ka bi wani marar matsuguni zuwa maƙabarta, ka tafi aiki da gajeren wando a kore ka, na biyar kuma faɗowa daga saman benin ofis.

The Stanley Parable na Davey Wreden, wanda ya fara fita a 2011 aka faɗaɗa shi a 2013, ya ɗauki batun da barkwanci. Stanley ma'aikaci ne mai lamba 427, aikinsa danna duk maɓallin da allo ya ce ya danna. Ran nan umarni ya daina zuwa, ofis ya zama wayam. Ka iso gaban ƙofofi biyu, sai muryar mai ba da labari ta ce Stanley ya shiga ta hagu. In ka shiga ta dama don nuna taurin kai, za ka tarar ita ma an riga an shirya mata labarinta. Akwai ma wanda ya fi su rashin tausayi, Desert Bus, da 'yan wasan dabo Penn da Teller suka sa aka yi a shekarun 1990: tuƙin bas daga Tucson zuwa Las Vegas, awa 8 cur na gaske, ba fasinja, bas ɗin kuma yana ja dama don kada ka saki sitiyari. Ladan isa lafiya maki ɗaya ne.

Duk da gwanintarsu, a ganina waɗannan wasanni sun tsallake wani abu. Suna nuna ma'aikaci tamkar wanda tsoro ko sabo kaɗai ya ɗaure shi. Ba su ce komai a kan kuɗin haya da cefane ba, alhali su ne ke tayar da mutum da asuba.

Cart Life na Richard Hofmeier, wanda ya ci babbar kyautar bikin wasanni masu zaman kansu na IGF a 2013, bai yi wannan tsallaken ba. Cikin mutanensa akwai Andrus, baƙo daga Yukiren mai sayar da jarida, da Melanie mai sayar da kofi tana fafutukar samun riƙon 'yarta. Kai za ka kwance ɗaurin jaridu, ka yanka farashi, ka ƙirga canji kafin mai saye ya gaji ya tafi, ka kuma tuna ba ka ci abinci ba. Duk wanda ya taɓa tsare teburin shayi ya san wannan lissafin.

Wanda ya kai batun ƙarshe shi ne Papers, Please, da Lucas Pope ya fitar a 2013. An ba ka kujerar jami'in shige da fice a iyakar wata ƙasa ta ƙage mai mulkin kama-karya, Arstotzka, a ƙarshen 1982. Mutum ya shigo rumfarka, ya miƙo fasfo. Ka duba hoto, ka duba ranar ƙarewa, ka gwada suna da na takardar izini, ka buga hatimin shiga ko na komawa. Na gaba. Biyanka a kan yawan waɗanda ka sallama ne, kuma kusan kullum sai an ƙaro doka da sabuwar takarda, har teburin ya yi maka kaɗan. Kuskure biyu na farko a rana gargaɗi ne, daga nan sai tara. Da dare allo ya kawo lissafin gida: haya, abinci, ɗumama ɗaki, wani lokaci magani. Kana da mata da ɗa da suruka da kawu. In kuɗin bai kai ba, kai za ka zaɓi abin da za a haƙura da shi, washegari ka ga wane ne ya kwanta ciwo.

Sai wata rana wani mutum ya zo da cikakkun takardu, ka buga masa hatimi, ya roƙe ka ka duba matarsa da ke bayansa. Ta shigo, ba ta da takardar izini. In ka bar ta ta wuce, an rubuta maka laifi. In ka mayar da ita, ka raba su. Agogo kuma bai tsaya ba, layi na nan a waje. Abin da ya fi tayar da hankali ba zaɓin ba ne. Bayan 'yan kwanaki a rumfar za ka lura idonka ya daina sauka a kan fuska sai don gwada ta da hoto, kuma mai dogon bayani ya fara ba ka haushi saboda yana ci maka lokaci. Wasan bai ce ka zama marar imani ba. Maimaici da ƙarancin albashi ne suka yi aikinsu, da hannunka.

Ko wannan ɗin ma yana da iyakarsa. Kwanakin Papers, Please 31 ne, ana iya gama su cikin 'yan awoyi, labarin na iya ƙarewa ta hanyoyi 20, kuma wanda bai ji daɗin inda ya ƙare ba yana iya komawa ranar da ya ga dama ya sake. Ma'aikacin gwamnati a Najeriya kuwa, a ƙa'idar da ta shafi akasarinsu, sai ya yi shekara 35 a bakin aiki ko ya cika 60 da haihuwa kafin ya ajiye biro.