Wa Ya Kashe Wutar Sifaniya?

Ranar Litinin 28 ga Afrilun 2025, da ƙarfe 12:33 na rana, wuta ta ɗauke a kusan duk faɗin Sifaniya da Fotugal. Cikin daƙiƙa biyar kimanin megawat 15,000 suka ɓace daga layin Sifaniya. Jiragen ƙasa suka tsaya cak a tsakiyar hanya, danjojin titi suka mutu, wayoyi suka rasa sabis. Sai washegari da safe wuta ta gama dawowa. Ba hadari, ba girgizar ƙasa. To me ya faru?

Da farko an zargi masu kutse ta intanet. Gwamnati ta bi diddigi, ba ta ga sawun kowa ba.

Sai zargi ya koma kan rana, domin a lokacin fiye da rabin wutar Sifaniya daga farantan sola take fitowa. Magoya bayan nukiliya suka ce ai ga abin da suke faɗa: sola ba ta da manyan injuna masu juyawa, waɗanda nauyinsu ke riƙe layi idan ya yi tangal-tangal, ga shi kuma ƙasar na shirin rufe injunan nukiliyarta bakwai tsakanin 2027 da 2035. Amma huɗu daga cikinsu suna aiki a ranar, kuma sun kashe kansu nan take, kamar yadda aka ƙera su don kariya. Bincike ma ya nuna ba ƙarancin wannan nauyi ne tushen matsalar ba.

Sai masu bincike suka koma baya da rabin sa'a. Da ƙarfe 12:03, sannan 12:19, layin ya yi ta kaɗawa. Kamfanin Red Eléctrica mai kula da shi ya jona ƙarin layuka, ya rage wutar da ake turawa Faransa. Kaɗawar ta lafa, amma maganin ya zo da tasa cutar: ƙarfin wuta ya fara hawa. Wanda wuta ta taɓa zuwa gidansa da ƙarfi ta ƙone masa firji ya san abin da ake nufi. Gab da 12:33 wata tashar rarraba wuta a Granada ta katse, sai Badajoz, sai Sevilla. Duk tashar da ta fita sai ƙarfin ya ƙara hawa, ya tilasta wa ta gaba fita.

Saura tambaya ɗaya: wa ya kamata ya danne ƙarfin nan? Ranar 17 ga Yuni minista Sara Aagesen ta gabatar da rahoton gwamnati. An tsara tashoshi goma masu manyan injuna don wannan aiki. Ɗaya ta ce ba za ta iya ba tun a jajibiri, ba a kuma sa wata a madadinta ba. Wasu daga cikin masu aikin ba su danne gwargwadon abin da aka biya su ba. Red Eléctrica da kamfanonin tashoshin kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Su kuwa tashoshin sola, na'urorinsu na iya daidaita ƙarfin wuta, amma tsohuwar ƙa'ida ba ta ba su wannan aiki ba. A watan Yunin ne hukumar CNMC mai sa ido kan harkar wuta ta sauya ta.

Ashe wuta ba ta yi ƙaranci ba a ranar. Masu riƙe linzaminta ne suka yi ƙaranci. Tun daga nan Sifaniya ta ƙara yawan tashoshin gas da take kunnawa don su riƙe layin. Wannan shi ne darasin ga duk ƙasar da ke son rabuwa da gas da kwal: lissafin megawat kaɗai bai isa ba. Dole a raba aikin daidaita ƙarfin wuta tsakanin nukiliya, madatsun ruwa, batura da sola, a rubuta shi a ƙa'ida, a biya kuɗinsa, a kuma tabbatar kowa ya yi nasa kafin a kashe injin gas na ƙarshe.