Yaro da Tsoron Likitan Haƙori

Ba a haihuwar yaro da tsoron likitan haƙori. Koya masa ake yi, kuma galibi a gida ake koya masa. A da, in yaro ya cika ƙiriniya da dodo ake razana shi. Da asibiti ya zo ƙasar Hausa sai allura ta gaji dodo. Uwa takan ce, "In ba ka yi shiru ba, sai na kai ka likita ya yi maka allura." Ita ta faɗa ne don ta sami sararin ɗora tukunya, shi kuwa ya riƙe maganar. Ran da aka ɗora shi bisa kujerar likita, ga fitila a fuska, ga ƙarar inji, abin da ke ransa shi ne, wane laifi ya yi?

Jinkiri ya fi wannan ɓarna. Iyaye da yawa ba su kai yaro asibiti sai kogo ya yi zurfi, an cusa kanumfari an gaji, kunci ya kumbura, an kwana uku ba barci. A wannan hali sau da yawa ba abin da ya rage sai cirewa, kuma inda ya kumbura ya yi ruwa allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai. Watau ganin farko da yaro zai yi wa likita ya zama mafi muni, sa'an nan a yi mamaki in ya ƙi komawa.

Hujjar da akan kawo ita ce, ai zai yi famfara. Gaskiya ne haƙoran yarinta 20 ne, kuma duk za su zube. Amma turamen ciki ba su zubewa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Har wa yau, wajen shekara 6 wani turmi yakan fito a can ƙarshen dasashi ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne, ba shi da magaji. Iyaye kuwa sukan ɗauka na yarinta ne, su bar shi ya ruɓe.

Shi ya sa likitoci ke cewa a fara kai yaro tun yana shekara ɗaya, sa'ad da ba abin da ke damunsa. Ya hau kujera, a ƙirga haƙoransa, ya sauka yana dariya.

A 1959 wani likitan Amurka, Addelston, ya bayyana wata dabara wadda har yau ake bi: a faɗa wa yaro abin da za a yi, a nuna masa, sa'an nan a yi. Alal misali, a ba shi ɗan madubin ya riƙe, a hura masa iskar injin a bayan hannu kafin a kai baki. Akan kuma yi alkawari da shi, in ya ɗaga hannu za a tsaya. Lalle ne a tsaya ɗin.

Ƙarya ba ta da amfani a nan. Wanda aka ce wa "ba zafi", ya kuwa ji zafi, ba zai sake yarda da uba ko likita ba. Gara a ce masa zai ji kamar cizon tururuwa, daga nan wurin ya mutu. Haka nan "namiji ba ya kuka": dauriya abin yabo ce ga Bahaushe, amma yaron da aka kunyata ɓoye ciwonsa yake yi, har sai kumburi ya tona shi.

Wanda zai raka yaro ya zama wanda shi kansa ba ya tsoro, ko da kaka ce ko yaya, domin yaro fuskar babba yake dubawa kafin ya buɗe baki. A tafi da safe, ya ci abinci, ya huta. In an fito a yaba masa, a saya masa ƙwallo ko fensir mai launi. Abin takaici, sau da yawa a bakin ƙofar asibitin ake tsayawa a saya masa alewa.