Uwargida da Shirin Mota Kafin Doguwar Tafiya

 Yau zancen mota za mu yi. Na san wata za ta ce, "Malama, ni da nake cikin kulle, ina ruwana da mota?" To 'yar uwa, da ruwanki. Ranar da za a kai amarya Katsina, ko a je gaisuwa Damagaram ta Kwangwalam, ko a kai mara lafiya asibiti Kano ta Kazaure da Dambatta, ke da 'ya'yanki ne a kujerar baya. Ba sai kin riƙe sifana ba, tambaya za ki iya, cikin ladabi, a lokacin da ya dace.

Lokacin da ya dace kuwa shi ne kwana biyu ko uku kafin tafiya. Idan aka kai mota wajen makanike da safiyar ranar tashi, gyaran gaggawa zai yi, kuma in da kuskure sai an yi nisa a daji zai bayyana. Amma idan an gyara da wuri, maigida zai zaga da ita cikin garin Daura ya ji lafiyarta. Saboda haka da ya kawo maganar tafiya, bayan ya ci abinci ya huta, sai ki ce, "Maigida, an kuwa duba motar nan?"

Abu na farko taya. Taya tana tsufa ko da haƙoranta ba su cinye ba, domin roba ce, rana tana busar da ita har ta tsattsage. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta. Misali 1524, ma'anarsa mako na 15 na shekarar 2024. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a sauya tayar da ta haura shekara 4 da yi. Ko ɗanki na firamare kika aika zai karanto miki. Tayar gwanjo tana da araha, amma da bazara, kwalta ta ɗau zafi, mota ta ɗau kaya, ita ce ke fashewa ana cikin gudu. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a haɗa da safaya. Sau da yawa sai an yi faci tsakanin Mashi da Daura sannan a tarar safayar ba iska, ko an ara wa maƙwabci jak bai dawo da shi ba.

Na biyu, abin da mota ke sha: baƙin mai, ruwan lagireto da man birki. Baƙin mai ne ke hana ƙarafan inji cin juna, in ya ƙare inji ya buga. Ruwan lagireto ke sanyaya shi. Ga alamar da za ki iya lura da ita daga gida: ki sa yaro ya leƙa ƙasan inda motar ta kwana. Idan akwai ɗigon mai ko ruwa mai launi, wani wuri na yoyo, a faɗa wa makanike. Kuma ki riƙe wannan: idan mota ta yi zafi a hanya, kada a buɗe murfin lagireto nan take, tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle ya ƙona fuska. A jira ta huce, a janye yara gefe.

Na uku, birki, fitilu da waifa. Birkin da ke ƙara kamar ana goga ƙarfe, ko wanda sai an taka har ƙasa yake kamawa, ba na tafiya ba ne. Da hunturu hazo na rufe hanya, da damina ruwa na tsugewa, kowanne yana bukatar fitila da waifa masu kyau. A kuma haɗa lasin da takardun mota da na inshora tun daren, tare da tukunyar kashe gobara.

Sai wanda yake hannunki kacokan, wato kaya da yara. Mu mata mun san halinmu da tsaraba: buhun gero, jarkar man gyaɗa, ƙullin daddawa, ga akwatuna. Kaya in sun yi yawa, birki ba ya tsayar da mota da wuri. A rage, mai nauyi a sa shi a ƙasan but. Kada ki yarda a ɗauki fetur a jarka cikin motar da kuke zaune. Yara a baya suke zama, ba a cinyar na gaba ba, domin in aka taka birki da ƙarfi hannu ba ya iya riƙe yaro. Ki ɗaura bel, hijabi ba ya hanawa. Mai juna biyu ta sa shi ƙasan ciki. Idan an tsaya salla ko shan mai, kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na ɗan lokaci, zafi na kisa.

Guzuri kuwa, ruwa mai yawa, abinci mara nauyi, maganin mai hawan jini ko ciwon suga a jakar hannu, da waya mai caji. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ta gaggawa ita ce 122.

A ƙarshe, direba ma a shirya shi. Ki taimaka ya kwanta da wuri, a tashi bayan asuba, a sauka da sauran rana. Doka ta ba ƙananan motoci kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. In kin ga gudu ya yi yawa, ko yana amsa waya, ki yi magana a hankali, ba a gaban mutane ba in zai yiwu. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

A yi addu'ar tafiya, a kuma yi shiri, dukansu ana bukata. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a gaida yara.