Hukuncin Yanka Gona Zuwa Fuloti Ba Tare Da Bin Tsarin Hukuma Ba

Tambaya: Ina da gona a bakin garin Maruda, ƙaramar hukumar Gwandu, kuma ina son in yanka ta fuloti in sayar. Jami'in filaye ya ce sai na bar hanyar mota da magudanar ruwa kafin a amince da tsarin, wanda hakan zai cinye mini fuloti biyu. Ya halatta in yanka yadda nake so, tunda mallakina ce?

Amsa: Dukkan yabo ya tabbata ga Allah.

Bai halatta ba. Gonar taka ce, amma da zarar ka mai da ita unguwa, hanya da mafitar ruwa sun zama haƙƙin waɗanda za su zauna a ciki, kuma shari'a ta hana cutarwa.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya hukunta a bar kamu bakwai idan aka yi saɓani kan faɗin hanya, wato kimanin mita uku da rabi. Malamai sun bayyana cewa abin lura shi ne buƙatar masu wucewa. Shi ya sa da aka tsara birnin Kufa a zamanin Sayyidina Umar (RA), manyan hanyoyi suka kai kamu arba'in, lunguna kuma kamu bakwai. Yau motar ɗaukar mara lafiya da ta kashe gobara ne ma'auni. A nan Gwandu ma, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa, don haka tsara filaye ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka a karkara. Bin shugabanni a kan abin da yake maslaha ce, ba saɓo ba, wajibi ne.

Saboda haka ka kai tsarinka ga hukuma kafin ka karɓi kuɗin kowa. Ka sa a auna kowane fuloti a kafa masa alamar iyaka, domin sayar da abin da ba a san iyakarsa ba garari ne. Ɓoye wa mai saye cewa ba a amince da tsarin ba kuwa ha'inci ne, don ana iya rushe gidansa gobe.

Fulotin da ka bari domin hanya, ka ƙulla niyyar sadaka mai gudana da su.

Allah ne Mafi sani.