Likita A Minna: Ya Zauna Kudu Ko Ya Koma Gida?

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu masu 'ya'ya a makarantar koyon aikin likita sukan yi tambaya: in yaro ya gama, ina ya fi masa? To, bari mu duba Minna, hedkwatar Jihar Neja tun 1976.

Albashin likita ya dogara ne ga wanda ya ɗauke shi aiki. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin albashin likitoci mai suna CONMESS, amma kowace jiha tana biyan nata gwargwadon ƙarfin aljihunta. Shi ya sa likitan da ke Babban Asibitin Minna yakan hangi asibitin Tarayya na Bida, ko Abuja da ke kusa da Suleja. Wasu ma sai Saudiyya ko Ingila.

A Ikko asibitocin kuɗi barkatai ne, likita na iya haɗa aiki biyu, sai dai haya da kuɗin mota sukan cinye ribar. Neja kuwa ta fi kowace jiha faɗin ƙasa, ga ƙananan hukumomi 25. Likitan iyali, mai duba jariri da tsoho da mai juna biyu, ba ya rasa masu nemansa can, kuma zaman ya fi sauƙi.

Kafin yaro ya sa hannu a takarda, ya bincika abu uku: ana biyan CONMESS cikakke? Akwai gidan zama? Za a sake shi ya ƙaro ilmi?