Sufuri a Abuja: Abin da ya kamata ku sani game da rabon talaka

Abuja ta zama babban birnin Najeriya ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma an zana ta da manyan tituna masu daɗin tuƙi ga mai mota. Sai dai masu gadi da masu shara da ƙananan ma'aikatan da ke riƙe da birnin ba su da kuɗin hayar Maitama ko Wuse. Suna kwana ne a Nyanya da Karu da Kubwa, wasu ma a Mararraba da Masaka na jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla na jihar Neja. Kullum sai sun shigo da safe, sun fita da yamma.

Me ake nufi da adalci a sufuri?

Abu uku ake dubawa: nawa mutum yake kashewa daga abin da yake samu, awa nawa hanya take cinye masa, sannan yana isa lafiya ko kuwa. Ku je Mararraba bayan sallar asuba ku ga: mutane jingim a bakin titi, ana kokawar shiga mota, biyu a gaba, huɗu a baya. Wanda ya gaji da jira ya faɗa motar da bai sani ba, yana iya faɗawa hannun 'yan "wan cans", masu fashi da sunan ɗaukar fasinja. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma na nesa ne suka fi ji a jikinsu.

Ina jirgin ƙasa?

An ƙaddamar da jirgin cikin gari a Yulin 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024. Layinsa ya taso daga tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama, wani reshe ya nufi Kubwa. Bai leƙa ɓangaren Nyanya da Mararraba ba, alhali nan ne cunkoson ya fi tsanani. Ga shi tashoshi da dama suna nesa da gidajen jama'a, sai mutum ya biya kuɗin wani abin hawa kafin ya kai ga jirgin.

Hana acaba fa?

An hana acaba a tsakiyar birnin a 2006, aka kori ƙananan bas-bas a 2013. Hukuma tana da hujjarta, wato haɗurra da tsaro da cunkoso. Amma in za a karɓe wa talaka abin hawansa, sai an fara tanadar masa wani wadatacce. In ba haka ba, ya koma tafiya a ƙasa ko biyan ninki, matuƙin kuma ya rasa abin kai wa gida.

Mene ne mafita?

Legas ta gwada wata hanya a 2008, inda ta ware wa manyan bas layinsu daga Mile 12 zuwa CMS, ta yadda ba sa maƙalewa a cunkoso. Wannan ya fi shimfiɗa layin dogo araha nesa ba kusa ba. Hanyar Abuja zuwa Keffi, wadda ta bi ta Nyanya da Mararraba, tana buƙatar irinsa, tare da gadojin masu tafiya a ƙasa, da fitilu a tashoshi, da haɗin kai tsakanin hukumar birnin tarayya da gwamnatin Nasarawa, tunda fasinjan ɗaya ne.

Duk lokacin da kuka ji an ba da kwangilar sabon titi ko gada, ku tambayi wakilanku: mutum nawa marasa mota ne za su amfana da aikin, kuma nawa zai rage musu a kuɗin mota?